Idan Baba Bai Zaɓi Kowa Ba

Iyakar sanina, Babanmu bai taɓa kiran sunan Inna ba. In yana nemanta, sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ya yi gyaran murya, ya ce, "Wai ba kowa ne a gidan nan?" Ga mu zube a tsakar gida, ni da Yaya, muna ɓarar gyaɗa a gaban idonsa, amma ba wanda zai ko motsa, don mun san ba da mu ake ba. Sai Inna ta goge hannu da gefen zane, ta nufi ɗakin tana ƙunƙuni, wai mutum ba zai bar mutane su ƙarasa aiki ba. Ita ma ba ta kiran nasa. "Malam" take cewa in ta kama dole, in ba dole ba kuwa "shi" ya wadatar.

A Ƙofar Kwaya gidanmu yake, cikin lungun da ke bayan masu kayan miya. Baba malamin dabbobi ne har ya yi ritaya. Ya ci ƙuruciyarsa a kan babur, yana zaga rugagen da ke kewayen Batagarawa da jakar allura a baya, ya dawo da yamma yana warin shanu, da ƙwaryar nono ɗaure a bayan babur. Mutum ne mai magana, kai, Baba akwai zance! Zai zauna a zaure da baƙinsa makiyaya, daga labarin saniya guda sai ka ji sun kai sallar magariba. Ni ce auta, ni ce kuma na ɗauko bakinsa, sai dai na haɗa da zuciya. Inna takan ce zuciyata a kusa take, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta tashi.

Ina Abuja ina aikin rubuta manhajar kwamfuta Yaya ya kira ni ya ce Baba ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar kuma ta tafi. Na ɗauki hutu na taho. Da aka dawo da shi gida, kalma biyu ce ta rage a bakinsa, "to" da "Allah". Mutumin da ba ya gajiya da zance, yau sai nuni da hannun hagu, mu kuma mu yi ta lalube. Ruwa? Ya girgiza kai. Filo? Ya girgiza kai. Rediyo? Sai ya ture kofi da fushi ya kawar da fuska. Inna ce kawai take gane shi da kallo ɗaya, to amma ita ma ba za ta wuni a kansa ba, ga girki ga baƙi masu dubiya, gyaran muryar tasa kuma ta yi rauni, ba ta tsallake ƙofa. Yaya ya sayo masa ƙararrawa. Baba ya juya ta a hannu, ya kalli Yaya, ya sake ta ta faɗi ƙasa. Wanda ya yi rayuwarsa cikin dabbobi ya san wa ake rataya wa irin wannan.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce in dai wannan sana'ar tawa ba ta yi wa ubana amfani ba, to ban ga ranarta ba. Na sayi babbar waya mai faɗin fuska, na zauna a ɗakin Inna na rubuta masa manhaja mai manyan madannai: ruwa, shayi, alwala, rediyo. In ya danna ɗaya, wayar ta faɗa da ƙarfi da muryar Yaya da na naɗa. Sai madanni na ƙarshe, kira. In ya danna shi, hotunan mutanen gida za su fito. Akwai Yaya, akwai matarsa da nake ce wa Anti, wadda take zaune da su Baba a gidan, akwai ni, akwai maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da duk lungun ke ce wa Sista, sai kuma Inna. Duk hoton da ya taɓa, wayar mai hoton za ta yi ƙara, ba sai an ɗauka ba, zuwa kawai za a yi.

Kafin in samu hoton Inna sai da aka yi daru. "Hotona kuma? Ki kahe ni a gaban mutum awa kalandar 'yan siyasa?" Sai da na lallaɓa na ɗauka tana tankaɗe, fuska duk gari, ba ta sani ba.

Baba ya koya nan da nan, har ya ba ni mamaki. Ya danna ruwa, ya danna rediyo, ya kira Yaya daga shago don kawai ya ga ko abin gaskiya ne, da Yaya ya shigo a guje sai Baba ya yi dariya da rabin baki, dariyarsa ta farko tun faɗuwar. Amma akwai abin da na lura da shi. Sai ya danna kira, hotuna su fito, ya janye hannu yana jira. Wayar ta ɗan jira shi, ta koma fuskar farko, ba wayar da ta yi ƙara. Ya sake, haka dai. Ya kalle ni kamar na sayar masa da jabun kaya.

"Baba, ai sai ka zaɓi mutum," na ce. "Inna kake so? Ga ta nan a ƙasa, danna mana!"

Wata harara da ya zuba mini, wallahi ko ina yarinya ban taɓa samun irinta ba. Na juya neman agaji, sai na ga Inna a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta yafuto ni waje.

"Ke wace irin ɗiya ce?" ta ce. "A gabanki zai sa yatsa a huskata?"

"To in na fita ai zai danna."

"Ko kin tahi Makka ba zai danna ba. Yo mi ya kai ki sa ni cikin jerin? In bai hwaɗi kowa ba, ni yake nema. Haka muke tun ba a haihe ki ba."

Na tsaya sororo. Ba don ban san halinsu ba, a cikinsa na girma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne matsalar da nake fama da ita kullum a ofis ce ta biyo ni har ƙofar ɗakin ubana, ban gane ta ba. A wurinmu masu rubuta manhaja, kowane umarni yana da baka biyu a gabansa, wato alamar nan ( ), a cikinsu ake sa abin da yake bukata. In ka ce kira, sai ka sa wanda za a kira a cikin bakan. To idan aka bar bakan wayam fa? Nan yarukan kwamfuta suka sha bamban, kowanne da halinsa. Wani mai tsauri ne, zai tsaya cak ya ce maganarka ba ta cika ba, ba inda zai je sai ka cika ta. Wanda na yi amfani da shi kuwa irin ɗan aiken nan ne da ba ya tambaya, ka ce masa je ka kira, ya fita da gudu bai san wa zai kira ba, ya dawo ya zauna bai ce maka uffan ba. Abin da ya yi ta yi wa Baba ke nan. Amma yaren ya ba mai rubutu dama ya yi tanadi tun farko, ya ce in an zo ba a ambaci kowa ba, ga wanda ake nufi. Ni ce ban yi tanadin ba, don ban yi zaton wani zai bar wurin wayam da gangan ba.

Gyaran bai kai layi guda ba. Na rubuta kira(wa = Inna), na cire hotonta daga jerin, na mayar wa Baba wayar a kan cinya. Ya danna kira, ya duba hotunan, ya ga ba ta ciki, ya ɗago ya dube ni. Kafin ya sauke ido, ƙaramar wayar Inna mai madannai ta kama ƙara daga bakin murhu. Muka ji ta tana cewa, "Ga shi nan kuma, an samu abin wasa," takalmanta na ja a kan siminti. Baba ya lumshe ido ya ce, "To."

Allah Sarki, wannan lokacin ya yi mini daɗi. Sauran hutuna na ƙare shi a gindin murhu ina tatsar Inna, don kowane madanni ashe yana da nasa abin da ba a faɗa. In ya ce shayi, baƙi ake nufi, da citta da kanumfari, a kofinsa na silba da hannunsa ya lanƙwashe, ba madara sai in ya nuna gwangwanin da ido. In ya ce rediyo, ba a taɓa tashar, ƙara kawai ake rage wa. Ina tambaya tana amsawa tana yi mini tsiya, wai duk bokon nan ban san yadda ubana ke shan shayi ba. Na koma Abuja da sanyin rai. In muna waya da Yaya nakan ji ƙarar wayar Inna daga nesa, da ƙunƙuninta a biye, sai in ji kamar ina tsakar gidan.

Kowa ya sa rai Baba ne zai riga tafiya. Sai Inna ta kwanta da zazzaɓin da muka raina, kafin mu farga ta cika. Na zo, aka yi zaman makoki, aka share. Ranar jana'izar an turo Baba a kan keken marasa lafiya har ƙofar gida ya ga an sallace ta, hannun hagunsa a ɗage, bakinsa na motsi ba sauti. Da baƙi suka watse aka ja ƙofar ɗakinta, kwanukanta na jere yadda ta bar su, wayarta na kan kantar kwanukan, don masu ta'aziyya daga ƙauye ta nan suke kira. Ni kuma na gudu Abuja, gudu ne kam, don ban iya kallon ƙofar nan a rufe ba.

Ban daɗe da komawa ba Anti ta kira ni. Mace ce mai haƙuri, ita ta ɗauki jinyar Baba gaba ɗaya, ba ta taɓa kawo mini ƙara ba sai ranar. Ta ce, "Auta, wayar Inna ce ke ta ƙara a ɗaki, duk ta yi sai gabana ya faɗi. Ina ga hannun Baba ya ƙara sanyi, yana danna kira ba ya iya kaiwa ga hotona. In na ji ƙarar nakan je, amma in ina bayan gida ba na ji. Ki mayar da abin kan wayata mana." Maganarta a kan hanya take. Wa zai bar marar lafiya yana kiran wayar da ba mai amsawa? Daga teburina na buɗe rubutun, na goge Inna na sa Anti. Kalma ɗaya ce, amma sai da na shiga banɗakin ofis na yi kuka na wanke fuska.

Daga nan Baba ya fara ƙin abinci. Anti ta ce yana kira, wayarta ta yi ƙara, ta zo da sauri, sai ya juya fuska bango. Ta kawo shayi a kofinsa ya ƙi, ta dama kunu ya datse baki. Sannu a hankali ya daina taɓa wayar ma. Sista ta shigo ta auna shi, ta ce ba wani sabon ciwo, amma jikin da ba ya samun abinci ba zai ɗauki magani ba, in aka ci gaba a haka sai dai a koma ƙarin ruwa, shi ma ba ya raya mutum har abada. Makiyayan da suka saba da shi suka kawo nono mai kyau daga ruga, ko kallon ƙwaryar bai yi ba. Yaya ba mai yawan magana ba ne, da ya kira ni cewa kawai ya yi, "Ki zo."

Da la'asar na shiga gida, kuma da faɗa na shiga, ba zan ɓoye ba. Na ce wane irin kunu ake dama masa, na ce an canza masa kofi, na ce kaza na ce kaza. Anti ta bar ni na gama, ta miƙo mini kofin da cokali ta ce, "Ga shi, gwana, ki ba shi." Na shiga ɗakin. Baba ya zama ƙashi da fata, hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina. Na kai cokali, ya kawar da kai. Na lallashe shi, na yi masa barkwanci, na tuna masa yadda yake ɗura wa maraƙi magani in ya yi gardama, duk a banza. Zuciyata ta tashi.

"Haba Baba! Inna ta tafi, kai ma so kake ka bar mu? To ka faɗa mana abin da kake so mana!"

Na jawo babbar wayar daga gefen katifa, na goge ƙurar da ke kanta da mayafina, na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya danna kira. Na zuba wa yatsan ido, ko rawa bai yi ba. Hotuna suka fito. Ya janye hannun a hankali ya ɗora a ƙirji, ya karkata kai wajen ƙofa, ta ɓangaren ɗakin Inna. Sai wayar Anti ta yi ƙara daga kicin. Na ga fuskarsa ta zube. Ya sake danna kira, wannan karon ya kai yatsa kan hotona, daidai tsakiyar goshina, ya danna da ƙarfi. Wayata ta kama ƙara a cikin jaka. Ya dube ni ido cikin ido, irin kallon da yake yi mana muna yara in ya faɗi magana sau biyu ba mu gane ba.

Hannunsa lafiya lau yake. Duk wanda yake so a cikinmu ya san inda hotonsa yake.

Na fito na faɗa wa Yaya da Anti abin da na gani. Yaya ya ce yana tsoron kada mu sa tsoho cikin ruɗu, ya zauna yana jiran wadda ba za ta zo ba. Na ce ai a gabansa aka sallace ta, ya fi mu sanin ba za ta zo ba. Muna cikin wannan ja-in-ja Anti ta tashi ta shiga ɗakinta ta fito da cajar ƙaramar waya ta sa mini a hannu.

Ni na tura ƙofar ɗakin Inna. Ƙamshin turarenta na nan bai tafi ba, sallayarta na ninke a gefen gado, takalmanta na bayan ƙofa, ɗaya a kan ɗaya. Wayar ta mutu tuni, na jona ta na zauna a bakin gado har ta kawo haske. A nan na buɗe kwamfutata na goge Anti na mayar da Inna. Na bar ƙofar a buɗe na fito.

Ban yi wa Baba bayani ba, wayar kawai na mayar masa kan cinya na zauna a ƙasa. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, Anti na bayansa. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsoron a sake yaudararsa. Ya danna kira, ya ɗora hannu a ƙirji.

Ƙarar ta taso daga ɗakin Inna, ta ratsa tsakar gida, ƙaramar ƙarar nan mai tsini da muka sha yi mata tsiya a kai. Ba wanda ya motsa a cikinmu, don mun san ba da mu ake ba. Baba ya rufe ido yana saurare, hawaye na bin gefen fuskar da ta shanye yana shiga gemunsa. Ya saurara har ta katse don kanta. Ya daɗe a haka, sannan ya buɗe ido ya ce, "To." Ya nuna kofin kunun da ke gabana. Kunun ya riga ya huce, Anti ta karɓa ta ruga ta ɗumamo, na riƙe masa kai ya sha fiye da rabi.

Haka ya ci gaba da yi har ƙarshen kwanansa. Kafin kowane abinci sai ya kira, a bar wayar ta yi ƙararta, sannan ya ci. Anti ce ke jona ta a caji, ba ta taɓa bari ta mutu ba. Yanzu duk wayoyin biyu suna wurina, cikin akwatin da na sa mayafin Inna da kofin silba. Wani lokaci in kewar gidan ta dame ni nakan jona su, in danna kira, hotunanmu su fito, mu duka da ƙuruciyarmu. Amma kafin ta kai ga yin ƙara nake kashewa. Ni na san sunan uwata, kuma ina iya faɗinsa. Wannan kiran na Baba ne.